Kolestarol da Tantanin Ƙwayoyin Jiki: Darasi Domin Mahauta, Masu Tsire da Masu Cin Nama

Gabatarwa

Duk wanda ya yi sammako ya shiga kasuwar Mile One da ke unguwar Diobu a birnin Fatakwal, zai iske mahauta sun riga sun jera nama a kan tebura, tsoka gefe guda, kayan ciki gefe guda, kitse kuma an tara shi a kusurwa. Idan magariba ta yi, sai masu tsire da balangu su hura wuta a bakin titi, ƙamshi ya cika unguwa. Haka abin yake a Anacha, haka kuma a Enugu, wajen Ogbete da Gariki. Da yawa daga cikin masu wannan sana'a Hausawa ne, waɗansu sun zo cin rani suka zauna, waɗansu kuwa a can aka haife su.

Sana'ar tana da dogon tarihi a waɗannan garuruwa. An gano kwal a Udi cikin 1909, aka shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga Fatakwal zuwa Enugu cikin 1916, daga baya aka haɗa ta da ta Arewa. Gadar Kwara ta Anacha kuwa an gama ta cikin 1965. Ta waɗannan hanyoyi shanu da albasa da wake suka riƙa gangarowa Kudu, manja kuma ya riƙa hawa Arewa. Har ma a shekarun 1950 wani mai cinikin shanu daga lardin Sakkwato, Malam Umaru Altine, ya zama magajin garin Enugu.

To, a 'yan shekarun nan wata baƙuwar kalma ta shigo kasuwar nama, ita ce kolestarol. Mai saye yakan ce wa mahauci ya yanke masa kitsen, don likita ya hana shi. Gwangwanin mai yakan zo da rubutu cewa babu kolestarol a cikinsa. Wani kuma yakan dawo daga asibiti riƙe da takardar gwajin jini, hankalinsa a tashe. Daga nan mutane suka rabu gida biyu. Waɗansu sun ɗauka kolestarol guba ne wanda ya kamata a raba jiki da shi ƙaƙaf. Waɗansu kuma sun ce ai ciwon Turawa ne da masu kuɗi, bai shafi talaka mai neman na tuwo ba. Dukansu biyu sun yi kuskure, rashin sani kuwa ya fi dare duhu. Wannan darasi zai bayyana aikin da kolestarol yake yi a ginin jiki, da dalilin da ya sa abu mai amfani haka yake zama cuta idan ya taru inda ba wurinsa ba.

1. Ƙwayar halitta da tantaninta

Jikin mutum, da na saniya, da na kaza, duk an gina su ne da waɗansu 'yan ƙananan ɗakuna masu rai waɗanda ake kira ƙwayoyin halitta. Ido ba ya ganinsu sai da madubin likita mai ƙara girman abu. Masana sun ƙiyasta cewa a jikin baligi akwai kimanin tiriliyan 30 daga cikinsu, watau miliyan sau miliyan har sau talatin. Tsoka, da hanta, da fata, da ƙwaƙwalwa, da jini, kowanne da irin nasa ƙwayoyin.

Kowace ƙwaya tana cike da ruwa mai ɗauke da gishiri iri iri da sauran kayan aikinta, kuma a cikin ruwa take zaune. Amma ruwan ciki da na waje ba ɗaya ba ne. Alal misali, gishirin da ake kira sodiyam ya fi yawa a waje, wanda ake kira fotasiyam kuma ya fi yawa a ciki. Da ruwan biyu za su gauraya, da ƙwayar ta mutu nan take. Abin da ya raba su shi ne wani siririn mayafi da ya kewaye ƙwayar, wanda ake kira tantani.

Mahauci ya san tantani, don kullum yana ɓare shi daga jikin tsoka ko hanta. Uwargida ma ta san na ƙwai, wanda yake manne a cikin ɓawo. Sai dai waɗannan manyan tantani ne da ido yake gani. Na ƙwayar halitta ya fi su sirantaka nesa ba kusa ba: sai an jera fiye da 10,000 bisa juna kafin su kai kaurin takarda guda. Duk da haka shi ne katangar ƙwayar, shi ne ƙofarta, shi ne kuma mai gadinta. Yana barin abinci ya shiga, yana fitar da datti, yana karɓar saƙo daga sauran sassan jiki.

2. Yadda aka gina tantanin

Da maiƙo aka gina wannan katanga, kuma akwai hikima a cikin haka. Kowa ya san mai da ruwa ba su haɗuwa. Idan aka zuba man gyaɗa a cikin ƙwaryar ruwa, sai ya taso sama ya shimfiɗu. Saboda haka babu abin da ya fi maiƙo dacewa da raba ruwa da ruwa.

Maiƙon da ya fi yawa a cikin tantani shi ne wanda masana suke kira fosfolifid. Kowane ƙwaran guda yana da kai ɗaya da wutsiya biyu. Kan yana son ruwa, wutsiyoyin kuwa suna gudunsa. Don haka idan suka sami kansu a cikin ruwa, sai su jeru sahu biyu, su juya wa juna wutsiya. Kawunan sahun farko suna duban ruwan waje, na sahu na biyu suna duban ruwan ciki, wutsiyoyi kuma suna ɓoye a tsakiya inda ruwa ba ya kaiwa.

Waɗansu masana biyu na ƙasar Holan, Gorter da Grendel, su suka fara nuna haka cikin 1925. Sun tatse maiƙon da ke jikin jajayen ƙwayoyin jini, suka shimfiɗa shi a bisa ruwa, suka auna faɗinsa, sai suka ga ya kai kimanin ninki biyu na faɗin bayan ƙwayoyin. Daga nan suka gane lalle ruɓi biyu ne. Cikin 1972 kuma waɗansu masana biyu a Amurka, Singer da Nicolson, suka bayyana cewa tantanin ba sandararre ba ne kamar bangon siminti. Yana da ruwa-ruwa kamar mai, ƙwayoyin maiƙon suna ta zirga-zirga a cikin sahunsu, sunadaran gina jiki kuma suna yawo a tsakaninsu, waɗansu suna aikin ƙofa, waɗansu suna aikin famfo, waɗansu suna aikin karɓar saƙo.

A nan wata matsala ta taso. Fataken da suke ɗaukar manja daga Fatakwal ko Anacha zuwa Jos da Kano sun san halin mai. Idan aka ɗora jarka a mota a cikin zafin Kudu, manja yana kwarara kamar ruwa. Idan aka sauke ta a Jos da hunturu, sai a iske ya yi barci, ba ya zubuwa sai an kai shi rana ko kusa da wuta. Katangar da aka gina da maiƙo zalla ita ma haka za ta yi: in ta ji zafi ta saki ta riƙa yoyo, in ta ji sanyi ta daskare. Ƙwayar halitta ba za ta rayu da irin wannan katanga ba. Tana bukatar abin da zai riƙe tantanin a tsaka-tsaki, kuma a jikin mutum da dabbobi wannan abu shi ne kolestarol.

3. Aikin kolestarol a cikin tantani

Kolestarol wani irin maiƙo ne fari mai kama da kakin zuma. Wani Bafaranshe mai suna Poulletier de la Salle ne ya fara ware shi daga tsakuwar da takan fito a cikin matsarmamar mutum, tun a ƙarni na 18. Cikin 1815 wani Bafaranshen, Chevreul, ya sake ware shi, shi ne kuma ya laƙaba masa suna daga kalmomi biyu na harshen Girka, ɗaya tana nufin ruwan matsarmama, ɗaya kuma tana nufin abu mai tauri.

Siffarsa ta bambanta da ta fosfolifid. Gajere ne, yana da ɗan ƙaramin kai mai son ruwa, da jiki mai zobba huɗu manne da juna, shafaffe kuma mai tauri kamar allo, sa'an nan da 'yar gajeriyar wutsiya. Yakan kutsa tsakanin ƙwayoyin fosfolifid, kansa kusa da kawunansu, jikinsa a jingine da wutsiyoyinsu, kamar yadda ake kafa turaku jefi-jefi a cikin darni. Ba kaɗan ba ne kuwa: a tantanin da ya kewaye ƙwayar jikin mutum, cikin kowane ƙwayoyin maiƙo goma, kimanin uku ko huɗu kolestarol ne. Ayyukansa a wurin guda huɗu ne.

Na farko, yana hana tantani sakewa. Zafin jikin mutum digiri 37 ne a ma'aunin santigireti, kuma a wannan zafi wutsiyoyin fosfolifid suna kaɗawa ƙwarai. Jikin kolestarol mai tauri yana tokare su, ya rage musu rawa, tantanin ya yi ƙarfi.

Na biyu, yana hana tantani daskarewa. Mai yana yin barci ne sa'ad da ƙwayoyinsa suka matsu da juna suka jeru tsaf. Da yake kolestarol yana tsaye a tsakaninsu, ba su samun damar haɗuwa su dunƙule. Ashe abu guda ne yake maganin sakewa da daskarewa duka.

Na uku, yana toshe yoyo. Ya cike 'yan kafofin da ke tsakanin wutsiyoyi, saboda haka ruwa da gishiri ba su ratsawa yadda suka ga dama, sai ta ƙofofin da aka tanada. Aikinsa a nan ya yi kama da na makuba da magina suke shafe soro da ita don kada ruwan sama ya shiga.

Na huɗu, yana taimakon ƙofofi da masu karɓar saƙo. Waɗannan sunadarai da ke zaune a cikin tantani suna bukatar kauri da taurin da ya dace kafin su yi aiki sosai, waɗansunsu ma sai kolestarol ya manne musu. A waɗansu wurare kolestarol yakan taru tare da wani irin maiƙo su yi 'yan dandamali, inda sunadaran da suke aiki tare sukan haɗu.

Tsire-tsire suna da nasu sinadaran masu kama da kolestarol waɗanda suke yi musu wannan aiki, haka ma naman gwari da yisti. Wannan shi ya sa abincin da ya fito daga dabba ne kaɗai yake kawo wa mutum kolestarol na a zo a gani.

4. Misalai biyu daga jiki

Misali na farko shi ne jar ƙwayar jini. Ƙanƙantarta ta kai a jera fiye da ɗari kafin su cika milimita guda. Tana yin kimanin kwana 120 tana zagaya jiki, kuma a cikin zagayen nan dole ta bi ta waɗansu hanyoyin jini da suka fi ta ƙunci, musamman a cikin saifa. Sai ta lanƙwashe ta matse ta wuce, sa'an nan ta koma siffarta. Tantaninta yana da kolestarol kusan ɗaya bisa ɗaya da fosfolifid, wannan gwargwado kuwa yana cikin abubuwan da suke ba ta ƙarfi da laushi tare. Likitoci sun lura cewa a jikin waɗansu masu ciwon hanta mai tsanani, kolestarol yakan yi yawa a tantanin waɗannan ƙwayoyi, sai su yi tauri su fito da ƙayoyi, saifa ta riƙa farfasa su, mutum ya rasa jini. Wannan ya nuna cewa ko a cikin tantanin ma awo ake bukata.

Misali na biyu shi ne ƙwaƙwalwa da laka. Mahaucin da ya fasa kan sa ko ya tsaga ƙashin baya ya san farin abin nan mai laushi da maiƙo. Farin ya samo asali ne daga tantani da aka naɗa ruɓi-ruɓi a jikin zaren jijiyoyin saƙo, kamar yadda ake naɗe wayar lantarki da roba. Wannan naɗi cike yake da kolestarol. Jijiyar da take da shi tana iya kai saƙo da gudun da ya wuce mita 100 a daƙiƙa guda, wadda ba ta da shi kuwa ba ta wuce mita ɗaya ko biyu. Da wannan sauri ne mai tsire yake janye hannunsa daga garwashi tun kafin ya gama jin zafin. Ƙwaƙwalwa ba ta wuce kashi 2 cikin ɗari na nauyin jiki ba, amma tana riƙe da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na kolestarol ɗin jikin duka. Ita take haɗa abinta da kanta, ba ta dogara da na abinci ba. Saboda haka cin ƙwaƙwalwar saniya ba ya ƙara wa mutum basira.

Akwai wata cuta ta gado wadda likitoci uku, Smith da Lemli da Opitz, suka bayyana cikin 1964. Jikin jaririn da aka haifa da ita ba ya iya haɗa isasshen kolestarol, sai ya zo da tawaya a gaɓoɓi da ƙwaƙwalwa. Cutar ba ta da yawa, amma ta isa shaida cewa jiki ba ya ginuwa in babu wannan sinadari. Bayan aikin tantani kuma, da kolestarol ne hanta take haɗa ruwan matsarmama mai narkar da kitse a hanji, da shi fata take haɗa bitamin D idan rana ta taɓa ta, da shi kuma jiki yake haɗa sinadaran balaga na maza da na mata.

5. Inda jiki yake samunsa

Da yake bukatar ta kai haka, jiki bai bar al'amarin a hannun abinci ba. Kimanin kashi uku cikin huɗu na kolestarol ɗin da yake bukata shi yake haɗawa, a cikin hanta da sauran ƙwayoyi, abinci kuma ya kawo ragowar. Wanda bai taɓa cin nama ba ma yana da kolestarol a jininsa. Masana biyu, Bloch da Lynen, sun sami lambar yabo ta Nobel cikin 1964 saboda binciken da suka yi a kan yadda jiki yake wannan haɗi.

Amma jini ruwa ne, kolestarol kuwa maiƙo, ba ya narkewa a ciki. Don haka jiki yakan ƙunshe shi a cikin waɗansu 'yan ƙunshi kafin ya saka shi a jini. Biyu daga cikinsu su ne ake gani a takardar gwaji. Wanda ake rubutawa LDL shi yake rarraba kolestarol ga ƙwayoyin jiki, kamar motar da take sauke kaya kasuwa-kasuwa. Wanda ake rubutawa HDL kuwa yana kwaso ragowa ya mayar wa hanta.

A farkon shekarun 1970 likitoci biyu a birnin Dalas na Amurka, Brown da Goldstein, suka gano yadda ƙwaya take karɓar kayanta. A jikin tantaninta akwai waɗansu 'yan ƙugiyoyi da suke cafke LDL su shigar da shi ciki. Idan kolestarol ya yi ƙaranci a tantanin, sai ƙwayar ta ƙara yawan ƙugiyoyin, ta kuma ƙara haɗa nata. Idan ya ishe ta, sai ta rage duka biyu. Hanta ita ce ta fi kowa yawan ƙugiyoyin nan, ita ce take kwashe mafi yawan LDL daga jini. Wannan bincike ya sa aka ba su lambar Nobel cikin 1985.

6. Inda cutar take

Daga nan za a gane asalin matsalar. Ƙwayoyin jiki ba su karɓar abin da ya wuce bukatarsu. Idan LDL ya yi yawa, ko ƙugiyoyin hanta suka ragu, sai ƙunshin ya yi ta yawo a cikin jini babu mai sauke shi. A hankali yakan kutsa cikin bangon manyan hanyoyin jini ya maƙale. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga: hawan jini, da ciwon sukari, da hayaƙin taba, su suke raunana bangon su sauƙaƙa masa shiga. Shekara da shekaru abin yana taruwa, hanyar tana ƙuntata. Ran da tarin ya fashe, jini ya daskare a wurin, sai hanya ta toshe. In a zuciya ne, ciwon zuciya na farat ɗaya ke nan. In a ƙwaƙwalwa ne, shanyewar ɓarin jiki ke nan.

Tun cikin 1913 wani likita a Rasha, Anichkov, ya ciyar da zomaye da kolestarol, ya ga irin wannan tari ya fito a hanyoyin jininsu. Binciken da aka fara cikin 1948 a kan mutanen garin Framingham na Amurka ya tabbatar da cewa masu yawan kolestarol a jini sun fi kamuwa da ciwon zuciya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cikin 2019 cututtukan zuciya da na hanyoyin jini sun kashe mutum miliyan 17.9, fiye da kashi uku cikin huɗu kuwa a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin arziki. Maganar ciwon masu kuɗi ta faɗi ke nan.

Akwai kuma waɗanda suka gaji ƙarancin ƙugiyoyin daga iyaye, kimanin mutum ɗaya cikin 250. Irin waɗannan, ko da siraran mutane ne masu aikin ƙarfi, kolestarol yana yi musu yawa tun suna yara. Ƙiba ko rama ba su nuna abin da ke cikin jini, kuma yawan kolestarol ba ya sa ciwon kai ko jiri da zai faɗakar da mai shi.

7. Abin da ke kan teburin kasuwa

A cikin kayan mahauci, ƙwaƙwalwa ce ta fi kome kolestarol, fiye da miligiram 2,000 a cikin giram 100. Hanta da ƙoda suna biye da ita daga nesa, da miligiram ɗari uku zuwa huɗu. Jan nama marar kitse bai kai ɗari ba. Babban ƙwan kaza guda yana da kusan 190, duk a cikin gwaiduwa.

Amma ga yawancin mutane, abin da ya fi ɗaga LDL shi ne irin kitsen nan mai daskarewa, domin shi yake sa hanta ta rage ƙugiyoyinta. Gane shi ba wuya: duk man da yake barci idan ya huce, yana da shi da yawa. Kitsen sa, da man shanu, da manja, kimanin rabinsu ko fiye irin wannan kitse ne. Man alayyadi da man kwakwa sun wuce kashi 80 cikin ɗari. Man gyaɗa kuwa bai wuce kashi 20 ba. Rubutun da ake yi a jikin gwangwani cewa babu kolestarol gaskiya ne, amma haka dukan man tsire-tsire yake, rubutun bai faɗi ko man zai ɗaga kolestarol na jini ba. Manja yana da amfaninsa, don yana ba da sinadarin da jiki yake mayarwa bitamin A mai kare ido. Abin da ake so shi ne a rage yawan da ake kwararawa a miya.

Mafi muni shi ne man da aka daskarar a masana'anta, wanda akan samu a waɗansu irin bota da biskit da kayan toye-toye, don yana ɗaga LDL ya kuma rage HDL. Cikin 2023 Nijeriya ta fitar da dokar da ta ƙayyade shi, kada ya wuce giram 2 a cikin giram 100 na mai, hukumar NAFDAC kuma ita take lura da ita.

8. Abin da ya kamata a yi

Babu mai cewa a bar cin nama, balle a bar sana'ar fawa. Nama yana gina jiki, yana ƙara jini. Ga dai abubuwan da ya kamata kowa ya riƙe:

(a) Mahauci da mai tsire, waɗanda nama yake gabansu dare da rana, su kula da al'adar cinye guntayen kitse da ragowar kayan ciki kullum. A fi cin jan nama, a yanke kitsen da ido yake gani, a kwashe maiƙon da ya taso a kan romo. Mai saye da ya nemi a rage masa kitse, a yi masa, yana da dalilinsa.

(b) A yawaita wake, da kuɓewa, da ganye, da gero da dawa waɗanda ba a surfe su sarai ba, da 'ya'yan itace. Harzar da ke cikin irin su wake da kuɓewa tana kama ruwan matsarmama a hanji ta fita da shi, sai hanta ta ɗebi kolestarol daga jini ta haɗa wani. Mazauna Fatakwal da Anacha kuma ga kifi a kusa da su, a riƙa musanya nama da shi.

(c) Mai zaman rumfa ko shago tun safe har dare ya nemi lokacin tafiya a ƙasa, kamar rabin sa'a a yini. Mai shan taba ya bari.

(d) Kada a hana wa ƙananan yara mai da ƙwai saboda tsoron kolestarol. Jikinsu da ƙwaƙwalwarsu suna kan ginuwa, nonon uwa ma yana ɗauke da shi.

(e) Gani ya kori ji. Wanda ya kai shekara arba'in, ko mai hawan jini, ko mai ciwon sukari, ko wanda wani nasa ya yi ciwon zuciya da ƙuruciya, ya je a gwada jininsa. Ana yin gwajin a asibitocin koyarwa na Fatakwal da Enugu da Nnewi, da manyan asibitoci da ɗakunan gwaji masu rajista. Abin da ake so ga yawancin manya shi ne jimlar kolestarol ta kasa 200 a ma'aunin miligiram, watau 5.2 a ɗaya ma'aunin da waɗansu asibitoci suke amfani da shi. Likita ne zai duba LDL da HDL tare da shekarun mutum da sauran lafiyarsa, ya yanke shawara.

(f) Akwai magunguna da ake kira sitatin, waɗanda wani masani ɗan Japan, Akira Endo, ya gano na farkonsu daga wani irin fumfuna a shekarun 1970. Suna rage haɗin kolestarol a hanta, sai hanta ta ƙara ƙugiyoyi ta janye LDL daga jini, ƙwayoyin jiki kuwa suna ci gaba da samun abin da tantaninsu yake bukata. Likita ne kaɗai yake rubuta su. Kada a saya a hannun masu talla a tasha ko cikin mota, kada kuma a daina sha ba da saninsa ba. Mace mai ciki ta gaya wa likita halin da take ciki tun da wuri.

Kolestarol da ke cikin tantani yana riƙe da kowace ƙwaya ta jiki, jiki kuma ya san yadda zai tanadi abinsa. Wanda ya rage yana yawo a cikin jini shi ne abin tsaro, tsaronsa kuwa yana hannun mai jiki: awo a wajen ci, motsa jiki, da gwajin jini a kan kari. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi domin bita

1. Me ya sa maiƙo ya dace da ginin tantanin ƙwayar halitta?
2. A kawo ayyuka huɗu da kolestarol yake yi a cikin tantani.
3. Wane darasi ne manjan da ya yi barci da hunturu yake koyarwa game da tantani?
4. Mene ne bambancin LDL da HDL?
5. Me ya sa man da aka rubuta babu kolestarol a jikinsa yake iya ɗaga kolestarol na jini?
6. Su wane ne ya kamata su gaggauta zuwa gwajin jini?